Kafin a Ba Yaro Ƙahon Albarushi

A Garwa ta da, da garuruwan da ke zagaye da ita irin su Pitowa da Gashiga da Bibemi, yaron da aka danƙa wa maharbi ba ya fara sana'a da bindiga. Da goran ruwa yake farawa. Shi ne mai ɗaukar burgami, shi ne mai hura wuta in an yada zango, shi ne mai fiɗa da dakon nama. Rani ya zo ya wuce, wani ya sake zagayowa, yana biye da ubangidansa yana koyon bambanta kofaton gwanki da na kanki, yana koyon sakin ƙura daga tafin hannu don ya ga inda iska ta nufa, yana koyon zama shiru ko da ƙudan tsando na cizonsa. Bayan wannan ne za a yarda ya wanke bindiga. Sai an ga hankalinsa ya zauna, ba rawar kai, ba saurin fushi, sannan wata rana maigida zai cire ƙahon albarushi daga wuyansa ya miƙa masa. Ranar nan ce ake cewa yaro ya shiga sana'a, ko da kuwa bai taɓa kayar da ko zomo ba.

Abin da ya tuno mini da wannan tsari shi ne tambayar da nake ji a bakin samari a 'yan shekarun nan. Suna ganin mutanen Amurka a waya, zaune gaban tebur da sikeli da 'yar na'ura, suna sake cika kwanson harsashin da aka riga aka harba, sai sha'awa ta kama su, su ce ta ina mai koyo zai fara. Tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanninmu sun yi ta, an kuma ba su amsa. Sai dai bindigar ta sauya, dajin ya sauya, doka ta sauya, har wanda ake zuwa wurinsa da tambayar ma ya sauya.

Hausawa sun kwararo Adamawa a ƙarni na 19, bayan da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga hannun Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Akwai fatake da malamai da mahauta da maƙera, akwai kuma maharba. Abin da ya ja da yawansu zuwa kwarin Binuwai da Faro, har suka gangara Ngaundare da Tibati, shi ne hauren giwa, wanda ake kaiwa Kano a haye sahara da shi, daga baya kuma jiragen ruwan Turawa suka riƙa kwasarsa ta Binuwai. Makamin yawancin maharban kwari da baka ne da dafi. Bindiga kaɗan ce, albarushi kuma tsada gare shi. Masu farautar giwa har sango suke cusa wa bindiga, wato gajeren mashi mai dafi, domin harbi ɗaya ya wadatar. Wanda ya ɓarar da albarushi a banza a tsakiyar dawa ya san ba kasuwar da zai je ya ƙaro.

Wannan ƙaranci kuwa da gangan aka ɗore da shi. A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Brussels, wadda ta taƙaita shigo da bindigogin zamani da harsasansu cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa 'yan ƙasa tsohuwar bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Can yamma, maƙeran Samori Ture sun shahara da tsince kwanso bayan yaƙi su sake cika shi, domin ba su da wata hanyar samun isasshe, har aka kama shi a 1898. A nan kusa, Faransawa sun kashe Rabe a Kuseri ran 22 ga Afrilun 1900. A ƙarshen 1901 Jamusawa suka fatattaki rundunar Lamiɗo Zubairu a Garwa, suka sake karya ta a Marwa ƙarƙashin Hans Dominik cikin Janairun 1902, inda bindiga mai ruwa ta yi wa mahayan dawaki kisan gilla. Jamusawan Garwa su ma suka miƙa wuya a Yunin 1915, ƙasa ta koma hannun Faransa, amma tsarin bai canza ba: bindigar zamani ta gwamnati ce da wanda ta amince wa, talaka kuwa ya ji da mai ɗuri ta baki. Maƙeranmu suka ƙware a gyaranta da ƙera ta, ana ce mata bindigar toka, wasu su ce adaka, wasu harba-ka-ruga. Saboda haka ɗurin hannu a wurinmu talauci da takunkumi ne suka haife shi, sannan dattawa suka yi masa ladabi da ƙa'ida har ya zama ilimi.

Na ga wannan ilimi da idona a zauren wani dattijo maƙwabcinmu a unguwar Hausawa, lokacin ina yaro. Ba ya taɓa ɗuri kusa da madafi. In zai fara, sai ya aika a gaya wa matan gida kada kowa ya gifta da garwashi, mai shan taba kuma ya san ba wurinsa ba ne. Yana zama kan buzu, gindin bindiga a ƙasa, bakinta ya kau da shi daga fuskarsa da ta duk wanda ke zauren. Abu na farko da yake yi shi ne zura sandar ɗuri ciki ya dubi wata 'yar alama da ya yi mata da wuƙa. In alamar ba ta kai inda ya sani ba, to akwai tsohon ɗuri a ciki, ba za a ɗora wani a kansa ba. Daga nan ya buɗe ƙaho, ya tsiyaya a wani ɗan ma'auni da ya gada, wanda hannu ya goge har yana ƙyalli, ya share bakinsa da ɗan yatsa kada ya yi tozo. Ba ya taɓa zubawa kai tsaye daga ƙahon. Sai toshi, sai dalma, sai wani toshin, yana dannawa a hankali yana sauraren amon sandar. Duk tsawon aikin ba ya amsa sallama sai ya gama.

Wata rana ɗan ƙanensa, wanda ke koyo a hannunsa, ya ce, "Baba, da an ƙara kaɗan ai da ta fi kai wa nesa."

Dattijon bai ɗaga kai ba ya ce, "Ɗana, wannan ma'auni na wannan bindiga ne, ba na wata ba. Ta yafe maka ragi, ba ta yafe ƙari. In nama ya yi maka nisa, ƙafarka za ka ƙara, ba albarushi ba."

Wannan magana ita ce ginshiƙin sana'ar. Mai ɗuri shi ne mai harbi. Kuncinsa ne zai kwanta a jikin bindigar, yatsunsa ne ke riƙe da ita, don haka ba ya buƙatar wani jami'i ya tsaya masa a kai kafin ya yi awo daidai. Kamar uwargida ce da gishirin miyar da ita ma za ta ci. Kuma da yake harbi ɗaya gare shi, kafin ya sake ɗuri garke ya yi nisa, dole ya iya sanɗa, ya matso kusa, ya zaɓi wadda zai harba. Ɓaunar da aka ji wa rauni ba a kashe ba ajali ce ga maharbi, kowa ya san haka. In bindiga ta ƙi tashi, ba a leƙa bakinta, ana riƙe ta a saiti a jira, domin albarushin da ya sha danshin damina yakan yi jinkiri sannan ya kama. Wahalar ɗuri ce ta koya wa mutum haƙuri, haƙurin kuma ya rage ɓarna.

Bayan ubangida akwai Sarkin Baka, bayan Sarkin Baka akwai fada. An san wane daji na wane ne, an san lokacin da ake fita da lokacin da ake barin namun daji su hayayyafa. Fatar zaki ko ta damisa da hauren giwa ba a ɓoye wa Lamiɗo su. In yaro ya harbi saniyar Fulani bisa kuskure, ko ya saki wuta ta cinye gonar wani, ubangidansa ake kira, shi zai durƙusa ya ba da haƙuri ya biya. Shi ya sa ba kowane yaro ake karɓa ba, kuma ba kowane wanda aka karɓa ake ba ƙaho ba. Kowace bindiga a gari tana da suna a bayanta, da wanda zai amsa tambaya in ta yi ɓarna.

Ba na cewa zamanin nan ba shi da tabo. Duk wanda ya zauna da tsofaffin maharba ya ga hannu mai yatsu uku, ya ga ido ɗaya da ya tsiyaye, ya ga fuska mai ɗigon baƙi inda albarushi ya shige fata. Ƙarfen maƙera yakan gaji ya tsage ba tare da ya yi sallama ba, laya da guru kuma ba su taɓa hana shi ba. Cinikin haure ma ya rage giwaye ƙwarai tun ana harbinsu da sango. Amma ɓarnar tana da iyaka, domin makamin kansa yana da iyaka, mai riƙe da shi kuma yana da na gaba da shi.

Sauyi na farko ya zo da bindiga mai karyewa, wadda ake sa wa harsashi ta gindi. Daga wajajen samun 'yancin kai a 1960, ma'aikata da 'yan kasuwa da masu sarauta suka fara mallakar Simplex ta kamfanin Manufrance da ke Saint-Étienne, daga baya Baikal ta Rasha ta bazu. Harsashi mai lamba 12 ya zama abin saye a kwali, har da jajayen nan na kamfanin MACC da ke Pointe-Noire a Kwango, waɗanda suka cika kasuwannin tsakiyar Afirka. Alheri ne ta wani fannin: awo daga masana'anta yake zuwa, danshi bai cika damunsa ba, hatsari ya ragu. Amma a karon farko mutum ya iya zama mai harbi ba tare da ya taɓa ɗaukar wa kowa goran ruwa ba. Takarda da kuɗi sun isa. Ga fitilar goshi ta shigo, ga mota, ga babur daga baya. Dabbar da a da sai an yini ana sanɗarta, yanzu haske ake dalla mata cikin dare ta tsaya cak.

Da harsashin kwali ya yi wa talaka tsada, sai tsohuwar dabara ta dawo da sabuwar riga. Yara suka riƙa tsintar kwanso a bayan masu farauta, wasu mutane suka mai da sake cika shi sana'a a ɓoye. Na taɓa riƙe irin wannan harsashi a tafin hannuna. Jan robarsa ya koɗe, cikinsa ya ɗan kumbura, bakinsa ya yi gezar tsufa an liƙe shi, ƙarfen gindinsa duk tsatsa da tabon guduma. Ba wanda zai iya duban sa ya faɗi abin da ke ciki, ko nawa ne, ko sau nawa aka cika shi. A nan ne igiyar ta tsinke. Wanda ya cika ba shi zai harba ba. Ya sayar wa baƙo a kasuwa, ya karɓi kuɗinsa, ba zai ma ji labarin hannun da ya fashe ba. Abin da ke tsare awo a zauren dattijon nan, wato tsoron mutum ga fuskarsa, ya fita daga cikin aikin.

Ga kuma wani hatsarin da tsofaffi ba su gada ba. Albarushin da ke cikin harsashin zamani ba irin baƙin nan ne na ƙaho ba. Marar hayaƙi ne, irin wanda Bafaranshen nan Paul Vieille ya ƙirƙiro a 1884, ƙarfin tunkuɗarsa ya ninka na tsohon, kuma iri-iri ne, kowanne da saurin cinsa. Ma'aunin gado ba ya aiki a kansa, ido ba ya iya kimanta shi. Wanda ya farke harsashin zamani ya juye a bindigar maƙera, ko ya gauraya iri biyu, ya haɗa wa kansa abin da zai tarwatse a hannunsa. Dalma ma da ake narkarwa daga tsohon batir a tsakar gida guba ce da ba ta da wari, tana zama cikin ƙasa inda yara ke rarrafe. Abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya ta kashe ɗaruruwan yara, ya isa ishara. Amurka ta hana harbin tsuntsayen ruwa da dalma tun 1991, Tarayyar Turai ta hana ta a fadamu daga 2023, mu kuwa har yau ana tsinto ƙwayoyinta a cikin naman zabo a miya.

Yayin da bindiga ke sauyawa, daji ma yana ƙanƙancewa. Gandun Binuwai da na Buba Njida da na Waza sun zama wuraren da aka keɓe wa namun daji gaba ɗaya a 1968, na Faro ya biyo baya a 1980. Aka kewaye su da yankunan farauta da gwamnati ke ba kamfanoni haya, har abin ya haura kashi 40 cikin 100 na faɗin jihar Arewa. A ɗaya gefen kuma, kamfanin Sodecoton da aka kafa a 1974 ya faɗaɗa noman auduga, madatsar Lagdo da aka gama a 1982 ta jawo masunta da manoma, jama'a suka yi ta gangarowa daga Arewa Mai Nisa neman ƙasar noma. Garkunan shanu suka ƙaru, masu haƙar zinariya suka kafa bukkoki a bakin rafuka har cikin gandu. Inda dattawa ke cewa sun ga mariya da gwambaza a bayan gari, yau masara ce da auduga. Baƙar karkandar yammacin Afirka, wadda arewacin Kamaru ne mafakarta ta ƙarshe a duniya, an neme ta a 2006 ba a samu ko ɗaya ba, a 2011 aka bayyana cewa ta ƙare. A farkon 2012 mahaya dawaki ɗauke da bindigogin yaƙi suka tsallako iyaka suka shiga Buba Njida, cikin 'yan makonni suka kashe ɗaruruwan giwaye, manya da 'ya'ya. Abin da maharban gari ba za su iya yi a tsawon rayuwarsu ba, an yi shi kafin rani ɗaya ya fita.

Dokar gandun daji da namun daji ta 20 ga Janairun 1994 ta zo ta tarar da maharbin gargajiya a tsakiya. Ta hana farautar dare da fitila, ta hana farauta da wuta da guba, abin da kowane Sarkin Baka na kirki zai sa wa hannu. Amma ta kuma hana farauta da bindiga mai ɗuri ta baki, farautar gargajiya da aka yarda da ita kuwa aka taƙaita ta ga kayan da aka yi da itace da tsirrai. Da dare ɗaya jikan mai sango ya zama ɓarawon daji a ƙasar kakanninsa, alhali baƙo na sauka a filin jirgin saman Garwa da rani, da bindigarsa mai madubi da takardunsa, ya biya kuɗi masu yawa ya harbi yamusa, babban gwankin nan mai murɗaɗɗen ƙaho. Kuɗin nan suna biyan masu gadi, suna hana wasu dazuzzuka zama gona, wannan gaskiya ne. Amma wa ke nuna wa baƙon sawu? Ɗan ƙauyen nan ne da ya koyi karatun ƙasa a bayan babansa. Iliminsa ana so, bindigarsa ce ba a so. A Garwa ɗin nan akwai makarantar horar da jami'an kula da namun daji tun 1970, ɗalibai na zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama, amma tsohon da ya san kowane mashayar ɓauna tsakanin Poli da Cholire bai cika samun kujera a irin waɗannan wurare ba.

Sauyi na ƙarshe shi ne mafi ɗaci. Tun shekarun 1990 'yan fashin zargina suka addabi hanyoyin arewa, daga baya abin ya koma satar mutane don kuɗin fansa, musamman 'ya'yan makiyaya a wajajen Mayo Rey da Tuboro. A Fabrairun 2013 Boko Haram ta sace iyalin wasu Faransawa su bakwai kusa da Waza, yaƙi ya shigo Arewa Mai Nisa. Sai ga shi an koma neman mutanen da aka yi watsi da su. Ƙauyukan kan iyaka suka kafa 'yan sintiri da kwari da baka da bindigar toka. A ƙetare, maharban Adamawa ta Najeriya sun taimaka wa soja wajen ƙwato Mubi a Nuwamban 2014, sunan maharbiya Aisha Bakari Gombi ya zagaya duniya. Amma a daidai wannan lokaci harsashi ya daina zama zancen nama, ya zama zancen ran ɗan Adam. Dokar makamai ta 14 ga Disamban 2016 ta tsaurara hukunci kan ƙera bindiga ko harsashi da riƙe su ba izini, a 2018 kuma gwamnati ta dakatar da sayar da su a jihohi shida, har da Adamawa maƙwabciyarmu. Yau in jandarma ya buɗe buhu a shinge ya ga kwanso da albarushi, ba zabo zai fara tunawa ba. Ban ga laifinsa ba, domin harsashin da aka cika a ɓoye ba ya tambayar hannun da zai faɗa.

Samarin da ke sha'awar teburin Ba'amurke ya kamata su lura da abin da ba ya fitowa a hoto. Mutumin nan doka ta ba shi dama. Albarushinsa na masana'anta ne, da suna da lamba. Kafin ya taɓa komai sai ya karanta littafin awo da aka gwada a ɗakin bincike, sikelinsa na gane bambancin da ido ba ya gani, yana rubuta kowane ɗuri a littafi, kuma ƙwararrunsu na gargaɗin kada ka harba abin da wani ya cika. A ƙasashen Turai da dama bindiga ba ta shiga kasuwa sai an gwada ƙarfinta an buga mata hatimi. Gidan gwajin Birmingham, garin da ya ƙera ɗimbin bindigogin da aka sayar wa kakanninmu, yana wannan aiki tun 1813. In an duba da kyau, ƙa'idojinsa su ne na dattijon unguwarmu: kada ka wuce awo, kada ka gauraya, kada hankalinka ya rabu biyu, ka nisanci wuta, abin da ka ɗura kai za ka harba. Wancan ya same su a littafi da doka, wannan ya same su a bakin ubangida da idon Sarkin Baka. Yaron da ya tsinci kwanso yau a bayan gari ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun. Ubangida ya tsufa ko ya rasu, littafi da sikeli da izini kuma babu.

Saboda haka in ƙanena ko ɗan maƙwabcina ya tambaye ni ta ina zai fara, amsata a fili take. A Garwa ta yau babu hanyar cika harsashi a gida da ba ta ƙarewa a asibiti ko a kurkuku, kuma ba na yi masa fatan ko ɗaya. In bindigar farauta yake so, ya fara da ofishin hukuma da takardar izini, ya sayi harsashi a wurin dillalin da aka yarda da shi, ya san dabbobin da doka ta hana taɓawa da lokacin da aka buɗe farauta. In kuwa daji ne ke kiransa, wanda na fi zato, to ya nemi tsohon maharbi tun yana da sauran numfashi, ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo ka koya mini." Ya ɗauki gora ya bi shi. Sanin sawu da iska da kukan tsuntsu da halin ɓauna ba ya buƙatar lasisi, kuma shi ne ilimin da gandun daji da masu yawon buɗe ido da masu bincike ke biya a kansa.

Akwai kuma hakki a kan manya. Fadojin Lamiɗo har gobe suna naɗa sarakunan sana'a, za su iya sanin kowane maharbi da sunansa da ubangidansa, su zama gada tsakaninsa da hukuma. Yankunan farautar da aka fara ba al'umma hannu a cikinsu ya kamata su yawaita, kason kuɗin haya ya isa ƙauye a gan shi a rijiya da aji. A ɗauki 'ya'yan maharba aikin gadin daji, a gayyaci iyayensu su koyar, a naɗi muryoyinsu kafin su tafi da abin da ke kansu. Ƙahon albarushi ya gama zamaninsa, ba na kiran a dawo da shi. Abin da nake kira a riƙe shi ne sharaɗin da ke tare da shi: kada a sa abin kisa a hannun wanda ba a gwada hankalinsa ba, kuma kowace bindiga ta kasance da mutumin da zai amsa sunanta a gaban jama'a. Wannan sharaɗi ya tsare garuruwanmu lokacin da harbi ɗaya ake yi a sake ɗuri, yau da ake ɓarin talatin a numfashi guda mun fi kakanninmu bukatarsa.